Yadda Masarar Doguwa Ta Cinye Saniyar Mahaifiyata

Edita, assalamu alaikum. A lokacin da abin nan ya faru ina amarya a Yako, ban daɗe da gama sakandare ba, kuma duk gidanmu ni ake kawo wa lissafi. Abin da na mallaka a duniya saniya ce guda, wadda marigayiya mahaifiyata ta bar mini, tana kiwo a rugar wani dattijon Bafulatani. Duk sati matarsa na kawo mini nono da man shanu.

Da kaka ta yi, sai na ga yadda ake sayo masara da araha a Doguwa, a ajiye har bazara, a sayar da tsada. Wayyo, zuciyata ta tashi! Ina tuƙa tuwo ina lissafi, ina shara ina lissafi, har na fara hango keken ɗinki a ɗakina da kujerar Makka ga surukata. Maigidana ya ce in bi a hankali, na yi ta lallaɓa shi har ya ce Allah ya sa albarka. Wani ɗan kasuwa ya ba ni rance, da ƙarin naira goma a kan kowace ɗari duk wata, saniyata ce jingina. Ya ce ba ruwa ba ne, ihsani ne kawai. Na san ba haka aka koya mana a islamiyya ba, amma na kau da kai. Ranar da mota ta sauke buhuna a ƙofar gida, har guɗa na yi.

Lissafina ya tafi daidai, sai dai abin da ban saka a ciki ba. Masarar kaka da danshinta ake aunawa, da ta bushe buhunan suka saki, goma suka koma tara. Ga kuɗin mota, ga harajin kasuwa a kan kowane buhu, ga la'adar dillali. Uwa uba, ni a kan uwar kuɗi kawai nake ƙirga ruwan, shi kuwa duk watan da ban biya ba sai ya ɗora shi a kai, ruwan ma ya haifi nasa. Masara ta yi tsada kamar yadda na zata, na sayar da murna, amma kuɗin bai rufe bashin ba.

Ranar da aka je kwance saniyar, matar dattijon ta zo da ƙwaryarta babu komai. Ta kira ni 'yata, ta ce me ya sa ban tambaye su ba, ai saniyar ciki gare ta, saura kaɗan ta haihu.

'Yan'uwana mata, kafin ku sa hannu a jari ku tambayi masu sana'ar, ku ƙirga har abin da ba ya daɗin ƙirgawa, kuma ku guji riba ko da wane suna aka raɗa mata. Na yi istigfari, ina kuma kan yi. Ashe ribata ta halal tana can a ruga tana girma, ni kuwa na jinginar da ita ban sani ba.