Ni Na Gasa Macijin 'Yata

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru, ni mutum ne da ba a gaya wa magana a kan zafi da sanyi. Na fi shekara ashirin ina gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a nan Jidda. Na zo daga Maraɗi ina saurayi, na koyi aikin, har ta kai masu manyan gidajen Abhur ni suke nema. Alfaharina ɗaya ne: idan na gama aiki a ɗaki, duk kusurwar da ka tsaya sanyi iri ɗaya za ka ji. Ɗakin da wani gefensa ya fi wani zafi, a wurina aikin ɗan koyo ne. A unguwar Waziriyya muke zaune, ni da maiɗakina da 'yarmu tilo mai shekara sha biyar. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi sai ta riƙa tuntuɓe ta ƙarasa da Larabci, ni kuwa in yi ta tsokanarta.

Tana da aminiya tun firamare, wadda iƙamar mahaifinta, wato takardar izinin zama, ta ƙare ba a sabunta ba, za su koma ƙasarsu. Yarinyar tana kiwon maciji, irin wanda ake kira macijin masara, ja mai ɗigo-ɗigo, ba shi da dafi. Ba a shiga jirgi da shi, sai ta bar wa 'yata amana. Maiɗakina ta ce sai dai a zaɓa, ko ita ko shi a gidan, balle da ta ji 'yan ɓeraye daskararru yake ci kuma a firijinta za a ajiye. Ni ma a garinmu in an ga maciji sanda ake nema. Amma 'yar tawa ba ta taɓa roƙona wani abu da hawaye ba sai ranar. Na lallashi uwar, muka yi alkawarin maƙwabta ba za su sani ba, don kada a ce mun fara tsafi.

Aka kawo shi cikin dogon akwatin gilashi mai murfin raga. A ƙarƙashin gilashin akwai wata 'yar shimfiɗar lantarki mai ba da ɗumi, haɗe da tarmostat da ke kashe ta in zafi ya kai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shimfiɗar ba ta rufe ko rabin akwatin ba. Na ɗauko ma'aunin zafina na aiki na gwada: wannan gefe digiri talatin, wancan ashirin da huɗu. Na yi dariya na ce wanda ya haɗa wannan bai san aiki ba. 'Yata ta ce da gangan aka yi haka. Ta yi ƙoƙarin fahimtar da ni da Hausa, don ta san na fi sauraro in da Hausa aka yi mini magana, cewa maciji ba ya gumi, ba shi da hanyar rage zafin jikinsa sai ya tashi daga wuri mai ɗumi ya koma mai sanyi. Ta rasa kalmar gumi, ta tsaya tana nuna goshinta. Maimakon in ji abin da take faɗa, sai na kwaikwayi yadda take magana har uwarta ta yi dariya.

Bayan kwana biyu, tana makaranta, na sayo wata shimfiɗar na manna a ɗaya gefen. Tarmostat ɗin ba shi da wurin soka waya ta biyu, sai na soka ta kai tsaye a bango. Ni da nake yi wa masu gida faɗa a kan irin wannan gangancin, ni na yi shi da hannuna, don ina ganin sanyin mukayyif ɗin ɗakin zai daidaita komai. Da ta dawo ta gani, ta roƙe ni in cire. Na ce mata tun ba a haife ta ba nake wannan sana'a, kuma ba ɗan bidiyon waya ne zai koya mini ba. Ta ce halas, wato shi ke nan. Daga baya na gane duk safiya takan zare wayar sabuwar shimfiɗar a ɓoye, ni kuma in na shiga na gan ta a zare sai in mayar, ina zaton tsintsiyar uwarta ce ta taɓa.

Macijin ya yi iya ƙoƙarinsa ya gaya mana. Ya daina shiga ɗan kogon da yake ɓuya, ya koma kwana cikin kwanon ruwansa. Ya ƙi cin abinci. Wani lokaci sai ka gan shi miƙe jikin gilashi yana tura murfi da hanci. 'Yata ta ce zafi yake gudu. Na ce wanka yake so, ɗan Jidda ne, teku yake marmari.

Wata Juma'a cikin tsananin zafi muka tafi walimar suna a unguwar Aziziyya tun da hantsi. Suna cikin mota suna jirana, na koma na zagaya gida kamar yadda na saba. Na ga wayar a zare, na mayar. Sannan na kashe duk mukayyif ɗin gidan, har na ɗakinta, don ban taɓa fita na bar na'ura tana aikin banza ba. Ko tunani ban yi ba, hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Bayan la'asar muka dawo. Ɗakin ya zama kamar tanda. Macijin yana cikin kwanon a mace, ruwan ya kusa ƙafewa, bakinsa a buɗe, fatar cikinsa ta yi ja ta saluɓe. Na ɗora tafina a kan gilashin gefen da na gyara, ban iya barinsa a wurin ba.

Na so 'yata ta yi ihu, ta zage ni ma. Ba ta yi ba. Ta naɗe shi a tsohon mayafinta, ta ce in kai ta wani fili ta binne. Abin da ya karya ni ya zo washegari, da na ji tana waya da aminiyarta, wadda kullum take neman hotonsa. Ta ce mata laifinta ne, ita ce ta kashe mukayyif bisa mantuwa. Ba ta ambace ni ba ko sau ɗaya. Na shiga banɗaki na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar mahaifiyata.

Na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, kuma na yarda. Na ce zan nemo mata wani, ta ce a'a. Sai dai tun daga ranar ba ta sake gwada yi mini bayanin komai da Hausa ba. Da Larabci take amsa mini, a taƙaice, cikin ladabi. Shekara biyu ke nan ina jiran wannan tuntuɓen harshen da nake yi wa dariya.

Ga duk mai ajiye irin wannan dabba: a bar mata gefe mai ɗumi da gefe mai sanyi, kada a soka shimfiɗar ɗumi ba tarmostat, kuma a ƙasar nan kada a kashe mata mukayyif a fita. Ga iyaye 'yan'uwana kuwa, musamman mu masu sana'ar hannu da muke ganin mun gama sani, idan ɗanku ya tsaya yana laluben kalma don ya gaya muku wani abu, ku jira shi ya same ta. Ni ban jira ba. Ina roƙon masu karatu su sa ni a addu'a, Allah Ya yafe mini ran da na azabtar, Ya kuma sa wata rana 'yata ta sake yi mini gardama.