Tuwon Vénissieux Ya Ci Kwanon Maradi

Da asubar Asabar muka tashi daga Sevran, a gefen Paris, ni da wani dattijo maƙwabcina da nake kira Kawu, ko da yake abin da muka haɗa bai wuce bene ɗaya da butar shayi ba. Direba ne a wani ofishin jakadanci, ya kusa ajiye aiki. Ni kuwa karatun takardu ne sana'ata, shi ya sa ya ce in raka shi Lyon wani taron koyon kasuwar hannun jari, in zame masa kunne, don Faransancin masu kuɗi ya fi na titi gudu. Shi ya biya mana kuɗin shiga, ya hana ni magana. A makon ne ya kwashi adashi, kuma kowa a benenmu ya san inda kuɗin za su tafi: kwanon rufin gidan da yake ginawa a Maradi, kafin damina ta sauka.

Jirgin ƙasa na RER B ya zo a makare kamar yadda ya saba, cike da masu shara da masu gadi, kowa na gyangyaɗi a kafaɗar wanda bai sani ba. Tikitin jirgin ƙasa mai gudu zuwa Lyon ya fi ƙarfinmu, sai muka hau motar safa a tashar Bercy. Na ce wa Kawu ga darasin farko kyauta: masu zuwa koyon arziki a mota mafi arha suke tafiya. Bai yi dariya ba. Hankalinsa na kan direban, yana gyara masa birki a ransa.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ba shingen karɓar na goro, sai ƙofofin biyan kuɗin hanya, waɗanda ko gaisuwa ba sa amsawa. Muka wuce gonakin inabi da fararen shanu masu ƙiba, suna kiwo ba makiyayi. A wurin hutawa na duba farashin burodi mai ɗan cuku a ciki, na mayar da shi cikin ladabi. Muka zauna a waje muka ci dafaffen ƙwai da kilishin da Kawu ya ƙunso.

Wanda ya gayyace mu ɗan aminin Kawu ne, matashi mai aiki a wani sito, kuma shi ya tarye mu. Ya ƙwace jakar Kawu, ya saka mu a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Métro D, daga nan taragon titi ya haura da mu unguwar Minguettes da ke Vénissieux, a gefen Lyon, cikin dogayen benaye masu kama da juna. Dole in faɗi gaskiya, an karrama mu. Matarsa ta tuƙa tuwon masara da miyar kuka, da daddawar gida da man shanu. Shi da kansa ya durƙusa ya zuba wa Kawu ruwan wanke hannu, ya bar masa gadonsa, ya kwana a ƙasa tare da 'ya'yansa. Kawu ya ce rabonsa da irin wannan tun yana zuwa gida hutu.

Washegari aka yi taron a wani otel kusa da babbar tashar Lyon. Irin wanda ake kira taron ƙara wa juna sani, sai dai ban ga abin da muka ƙara wa mai jawabin ba in ban da kuɗi. Ɗakin ya cika da ɗalibai da masu aikin asibiti da tsofaffi 'yan fansho. Malamin ya fito cikin kwat matsattsiya, takalmi ba safa, yana magana kamar mai tallan maganin basir a tasha, bambancin kawai shi yana da majigi.

Kada in zalunce shi, ya koyar da wani abu. Ya ce hannun jari ɗan yanki ne na kamfani, farashinsa na hawa yana sauka, kuma kada mutum ya zuba komai wuri ɗaya. Duk gaskiya ne, kuma duk yana cikin babin farko na kowane littafin da ɗakin karatun unguwarmu ke bayarwa aro kyauta. Sauran yinin ya tafi a hotuna: shi a bakin teku, shi jingine da motar da ban ga lokacin da ya buɗe ƙofarta ba. Wata mata ta tambayi yadda ake yi in an yi asara, ya ce asara a tunani take. Wani ɗalibi ɗan Tahoua ya tambayi yadda ake gane kamfanin da ya halatta a saka kuɗi, ya ce wannan sai a mataki na biyu. Haraji ma mataki na biyu. Duk tambayar da ke da amfani, amsarta ta yi hijira can.

Mataki na biyun kuwa kuɗinsa ya kusa adashin Kawu cif, wai da rangwame, kuma rangwamen zai mutu da zarar mun fita daga ɗakin. Na je shan ruwa, wata ma'aikaciyarsu ta tambaye ni wa ya kawo mu, don a rubuta masa kasonsa. A nan na fahimci tuwon jiya. La'ada ce ake biya a kan kowane kai.

Kafin in dawo, mai masaukinmu ya riga ya tsuguna gaban Kawu da alƙalami, yana ce masa Tonton, wato kawu da Faransanci.

"Tonton, na gaya musu babana ne ya zo daga Paris. Da ƙyar na sa aka ajiye maka wuri."

Na raɗa masa, "Kawu, kwano fa."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Malam, a gadonsa na kwana." Ya sa hannu, ya miƙa katin banki.

Da safiyar Litinin muka juyo. Shanun na nan inda muka bar su. Na karanta yarjejeniyar har ƙananan rubutun, na ga doka ta ba mai saye 'yan kwanaki ya fasa a mayar masa da kuɗinsa. Na gaya wa Kawu da murna, na ƙara da labarin la'adar.

"Na sani," in ji shi. "Ka ɗauka ban ga yadda yaron yake kallon hannuna ba? In na fasa, za su karɓe abin da suka ba shi. Shi kuma ubansa ne ke tsaya mini a kan ginin, ko sisi bai taɓa karɓa ba. Da wane baki zan gaishe shi?"

Na kawo hujja, na kawo lissafi, har na ce ni zan rubuta takardar fasawar da hannuna. Ya ce in bar shi ya ga hanya.

Ga masu tambayata ko irin wannan taro ya cancanci kuɗin mai fara koyo, amsata a'a. Abin da ke da amfani a ciki ana samunsa kyauta, abin da ake biya kuwa kujera ce a ɗakin da kai ne hajar. Sun kuma gano abin da ba ya cikin littafi: mutanenmu za su iya ƙin baƙo, amma ba za su iya ƙin wanda ya zuba musu ruwan wanke hannu ba. In za ka je, ka kwana a otel, ka sayi burodin nan mai tsada. Ya fi arha.

Da la'asar muka sauka Paris, Kawu ya ce mu biya ta unguwar Goutte d'Or. A wani shagon aika kuɗi ya tura ɗan abin da ya rage, sannan ya kira aminin nasa. Aka yi doguwar gaisuwa, ina jin muryar tsohon yana godiya da aka ziyarci ɗansa, yana sa albarka. Kawu ya amsa da amin, amin. Sai ya ce a gaya wa magini bana a sayi tamfol.