Hannun da Ya Zuba Mini Ruwa

Ranar Laraba da yamma ina zaune a ajin manya na cocinmu a nan Greensboro, ana koyar da tarihin malaman Ikilisiya na farko. Malamin yana bayanin wata gardama da aka yi a Afirka ta Arewa tun zamanin Rumawa, a kan ko baftismar da mai zunubi ya yi tana da inganci. Sai aka fara ruwa. Ƙarar yayyafi a tagar ajin ce ta hana ni jin sauran karatun. Na tuƙa mota zuwa unguwarmu ta Pleasant Garden, na wuce kwanar gidanmu har sau biyu.

Garinmu na can gida, jirgin ƙasa ne ya haife shi. Turawa suka zauna a bariki kan tudu, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa suka cika Sabon Gari, mishan kuma aka ba ta fili can bayan tasha. Kakana, mahaifin Inna, yana cikin waɗanda suka kwaɓa ƙasar cocin farko, kuma shi ne katikis, mai koyar da addini in Fada ba ya gari. Amma da ciwo ya ɗauke 'ya'yansa maza biyu a damina ɗaya, sai ya ajiye littafin addu'a, ya koma wurin tsafin iyayensa. Bai sake taka coci ba.

Ni dai na san shi tsoho ne mai saƙar tabarma a gindin tsamiya, mai warin taba da kaba, wanda ke ɓoye mini goruba a aljihu.

Ina da shekara tara ana shirya mu karɓar Jibi na farko, wato gurasa mai tsarki da ake karɓa a coci, sai sabon katikis ya duba rajista ya ce in tsaya. Ashe ina jaririya ƙyanda ta kusa kashe ni, rafi ya cika, Fada na can ƙauye. Inna na kuka, Kaka ya ɗauki ƙwarya ya zuba mini ruwa da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki.

"Hannun da ke yanka kaza wa dutse ne ya yi miki baftisma," in ji katikis. "Sai an bincika."

Yara suka ji. Kafin mu kai tasha suna kirana 'yar tsafi. Na shiga gida na tsaya a kan Kaka, na ce ya ɓata ni, da ma ya bar ni na mutu. Yatsunsa suka tsaya a kan kabar.

Washegari ya sa farar rigarsa ya tafi gidan Fada, ni da Inna muna biye. Fadan matashi ne ɗan ƙasarmu. Ya tambayi Kaka kalmomin da ya faɗa ranar da ya zuba mini ruwa, Kaka ya maimaita su ba tuntuɓe.

"Me ka yi nufi da su, Baba?"

"Abin da Ikilisiya take nufi. Fushina da Allah nawa ne, ba na yarinyar ba."

Fada ya ce wani bishop na Afirka ya warware wannan tun da daɗewa: mai yin baftisma na ainihi Almasihu ne, hannu aro ne kawai. Kaka ya ce a sake faɗa masa. Aka sake.

Na karɓi Jibi da farar riga. Na hango Kaka ta taga, a tsaye cikin rana. Da aka tashi na bi ƙawayena ta ɗaya ƙofar, don kada a gan mu tare. Kafin lokacin girbi ya zagayo ya rasu.

Yanzu an rushe tsohon cocin, an gina babba mai tayil. An aiko mini hoton allon tarihin da suka kafa a ƙofa, sunayen Fadoji ne a jere, na Kaka babu. Na ba ɗiyata labarin a kicin, ta tambaye ni da Turanci ko na taɓa ba shi haƙuri. Na ce ina yarinya lokacin.

Ta ce, "Mama, wata shida fa kika samu."

Tun ranar nake rubuta wa Fadan garinmu wasiƙa a kan allon nan. Na yaga uku. Ta huɗu tana cikin jakata, gobe zan kai ta gidan waya kafin in wuce aiki.