Majemin Kanada da Sharifin Bagadaza

Jiya wani Baturen Kanada, irin masu jin Faransanci, ya shigo ofishina na hayar motoci a unguwar Dokki yana ta murna. Shekara biyu yana bin tsofaffin littattafan aure da haihuwa na cocin ƙauyensu, har ya gano kakansa na bakwai. Majemi ne, ko sunansa bai iya rubutawa ba. Ya nuna mana hoton shafin a waya.

Alhaji Bala na zaune, mutumin da yake yawo yana cewa kada a zaɓe ni shugaban ƙungiyarmu ta masu hayar motoci saboda ubana ɗan dako ne.

Ya taɓe baki ya ce, "Duk wahalar nan a kan majemi? Mu kakanmu Sharifi ne daga Bagadaza."

Na ce, "Tamam, madalla, ranka ya daɗe. Ya sunansa?"

Ya gyara hula, ya ce sai ya buga waya ya tambayi gwaggonsa.

Ni dai ubana Musa ɗan dako, ba sai na buga waya ba.

Jama'a, in kowa jikan Sharifi ne, wa ya jeme buzun da kakanninmu suka yi salla a kai?