Ranar Da Na Roƙi Jinin 'Yan Keke

A duk shekarun da na yi ina aikin asibiti, akwai ranar da na san ba za ta taɓa fita daga raina ba, ita ce ranar da aka tura ni in roƙi matuƙa keke mai ƙafa uku su ba da jini.

Lokacin ina sabon ma'aikaci a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a nan Sakkwato. Firjinmu na ajiyar jini kusan kullum wayam yake. Na sha ganin mace ta haihu jini ya ɓalle mata, dangi suna ta zarya ana neman wanda jininsa zai dace, kafin a samu ta cika. Da shugabanmu ya samo izinin yin magana a taron 'yan keke na Gidan Igwai, sai ya ce ni zan yi jawabin, tunda ɗan gari ne ni.

Na zauna na tsara jawabi mai kyau, a ganina: rukunonin jini, amfanin bayarwa ga lafiyar mutum, yadda ake yi a ƙasashen waje. Na kai wa kawuna a Runjin Sambo, tsohon malamin makaranta, don ya gyara mini Hausar. Ya saurara har na kai ƙarshe, sannan ya cire tabarau.

"Hausa ta yi," in ji shi. "Amma wa kaka yi ma wagga magana?"

"'Yan keke mana, Kawu."

"To mi ka hana su ba da jinin?"

Wallahi ban taɓa tambayar kaina ba.

"Tahi ka zamna da su tukuna. Kada ka koya musu komi, kai dai saurara."

Haka na yi. Na riƙa hawa keke daga Sama Road zuwa Gidan Igwai, da safe in zauna teburin mai shayi inda suke karyawa, in jefa zancen kamar da wasa. Wani ya ce in aka ɗebi jininsa ƙarfinsa ya tafi, iyalinsa me za su ci? Wani ya ce shi dai ya ji sayar wa masu hali ake yi. Sai wani dattijo a cikinsu ya ajiye kofi, ya ba da labarin wata mai naƙuda da ya ɗauka, jini ya ɓalle mata a kekensa. Ya tsaya bakin asibiti yana jiran labari, har ya ga danginta sun fito suna kuka.

"Da hannuna na wanke kujerar," ya ce. "Har yau in mai ciki ta tsai da ni, gabana faɗuwa yake."

A nan na gane ba karatu suke buƙata ba. Sun riga ni sanin ciwon, tsoro ne kawai ya tsaya tsakaninmu. Na ajiye jawabin farko na sake sabo.

Ranar taron, na miƙe a gabansu. Na yi sallama, na ce, "Wa ya taɓa ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti a cikinku?" Hannuwa suka tashi ta ko'ina, surutu ya mutu. Na ce, "Ku kuke kawo su ƙofarmu. Roƙona, ku taimaka su fito da ƙafarsu."

Ban kauce wa maganar sayarwa ba. Na ce su zaɓi wakilai su zo su ga inda jinin yake zuwa. Sannan na naɗe hannun rigata na nuna musu filasta. "Da safen nan na ba da nawa, ga ni tsaye."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Likita, in jiri ya kwashe ni fa?"

"Akwai gado, akwai lemo mai sanyi. Ka sha ka huta, sannan ka tashi."

Aka fashe da dariya, shi ma yana yi.

Satin da ya biyo baya, na fito da hantsi na tarar da kekuna jere a bakin asibiti, babu fasinja ko ɗaya. Ba duka suka zo ba, wasu ma da ganin allura suka juya. Amma daga cikin jinin ranar aka ƙara wa wata baiwar Allah da ta haifi tagwaye, na kuwa ga fitarta da ƙafarta, uwarta na biye da jariran.

Kawu ya rasu, Allah Ya jiƙansa, Ya saka wa mutanen nan da alheri. Tun daga wannan taron, ko wa zan yi wa magana, ba na fara rubutu sai na san abin da yake tsoro da abin da ke masa ciwo. Mutum ba ya buɗe maka kunnensa sai ya tabbata kai ma ka saurare shi.