Dutsen da ke Gonar Tsoho a Tabanni

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya a Landiroba, ni da abokina malamin ilimin duwatsu. Shi da gudumarsa, ni kuwa ɗan rakiya ne, aikina surutu. Daga Funtuwa hanya ta fara gwada mana hali, ga gargada, ga dajin Birnin Gwari ya rufe ta hagu da dama. A Tsohon Birnin Gwari muka ci doya da manja a kan sule guda, mai abincin tana ta mitar sabon kuɗin nan na naira.

A hanya ya bayyana mini abin da ya fito nema. Wai akwai wani baƙin dutse mai ratsin kore wanda asalinsa aman wuta ne tun duniya tana ɗanya. In an niƙa shi aka auna sinadaransa, za a gane ko a ƙarƙashin teku ya fito, ko a inda doron ƙasa ya tsage. Na ce lallai boko ya kai, har dutse ake bin salsalarsa.

Da hantsi washegari muka isa Tabanni, ashe labarinmu ya riga mu. An ce ma'aikatan gwamnati na tafe neman zinariya, kuma duk gonar da suka ƙwanƙwasa ta tafi ke nan. Dutsen kuwa a tsakiyar gonar wani tsoho yake. Muka tarar ya lulluɓe shi da ƙaya, yana tsaye yana gadinsa.

"'Ya'yana, a nan na gaji ubana. In kun karɓe, ina zan nufa da iyali?"

Abokina ya durƙusa ya ce, "Wallahi Baba, ɓantaren dutse kawai muke so. Gonarka taka ce."

Da hannunsa tsohon ya janye ƙayar, har ya kawo mana fura. Sai da muka zagaya bayan dutsen muka ga rabin dawarsa a kwance. Tun jiya ya sa aka sare ta, ko nuna ba ta yi ba, don kada ta tafi tare da gonar. Tausayinsa ya hana ni shan furar.

Mun dawo Zariya lafiya da buhun duwatsu. Abin da na koya shi ne, baƙo ya aika da bayaninsa kafin ƙafarsa ta iso. Abokina zai san asalin dutsensa, tsoho kuwa rabin rumbu zai ci bana.