Ba Son Jiki Ba Ne

Ran wata Alhamis a kakar shekarar fari, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, mu uku muna surfe a turmi ɗaya a gidanmu, wani ƙauye kusa da Minjibir. Ɗan geron da gona ta ba mu ke nan, don haka Inna, mahaifiyata, na tsaye a kanmu kada ƙwaya ta faɗi. Lugude muke yi, taɓarya na fita wata na shiga, ba a jiran kowa. Can sai ƙirjina ya kama dukan uku-uku, idona ya yi duhu, na saki taɓarya. Ta doki ta yayata Hadiza, turmi ya kife, kaji suka yi caa a kan geron.

"Son jiki ne," in ji Inna, "da tuwo ne ai da ba ki saki ba." Shi ke nan, tambari ya bi ni. In na sauke tulu a hanyar rijiya ina haki, son jiki. In na zauna ana tsakiyar gaɗa, son jiki. A firamare malami ya sa ni zagaye fili don lalaci ya fita. Wanzami ya yi min ƙaho, aka turara ni da hayaƙi, duk a banza. Ni fa ba magani nake nema ba, so nake Inna ta yarda ba ƙarya nake yi ba. Na sha kama hannunta in ɗora a ƙirjina, ta fizge ta ce kowa ma zuciyarsa na bugawa. Kai, na sha takaici!

Sai bayan haihuwata ta huɗu na yanke jiki na faɗi, aka kai ni asibiti a Kano aka ɗauki hoton zuciya. Likita ta ce wani ɗan lungu ne a saman zuciyata ta ɓangaren dama ya kumbura ya zama jaka, wataƙila tun haihuwa, kuma da wuya ake ganin irinsa. Aka yi min aiki. Ina samun ƙarfi na tafi ƙauye, na bayyana wa Inna komai dalla-dalla. Ta gyaɗa kai. "Allah ya ƙara sauƙi. Amma ke dai dama ba kya son wahala."

Yanzu ko'ina akwai injin surfe, kuma jikata in ta yi haki sau ɗaya, sai asibiti. Ina taya ta murna. Ni kuwa na yi furfura, har yau ina jiran Inna ta ce na yi gaskiya.